Rabin Aikin da Na Koya wa Uwaisu

Shekarar da soja suka karɓi mulki, bayan farin da ya ƙone mana gero a tsaye, ina aiki a gonar Alhaji Khalilu, gabas da Minjibir. Gonar iri ce. Gyaɗa da wake da dawa muke nomawa, a tsabtace, a sayar wa manoma su shuka. Mu goma sha huɗu ne ma'aikata. Ni nawa aikin injin ɓarar gyaɗa, shekara tara ina kansa, kuma ba wanda ya taɓa kama mariƙinsa sai ni.

Mai kallo daga nesa zai ce wannan ai ba aiki ba ne. Inji ne na hannu. Ka zuba gyaɗa, ka riƙa tura mariƙi gaba kana jawo shi baya, ɓawo ya fashe, ƙwaya ta zubo ta raga. To, in gyaɗar mai ce ko ta ƙuli-ƙuli, ko ta dagargaje ba ruwan kowa. Ta iri kuwa, muddin ƙwaya ta rabe biyu, ko jar rigarta ta saluɓe, ta mutu ke nan. In ka shuka ta, ka ba gara abinci ne kawai. A wannan shekara irin gyaɗa ya yi wuyar da har mutum kan taso daga Shanono a kan keke neman tiya biyu.

Ana cikin zafin bazara aka kawo mana sabon manaja, Malam Tasi'u. Ya yi makarantar aikin gona, yana da babur da ɗan littafi a aljihun gaba, kuma ba ya ɗaga murya. Ni mutumin da ba ya ɗaga murya ban cika sakin jiki da shi ba. Sati biyu yana zagayawa yana kallonmu yana rubutu. Rannan ya tara mu a gindin ɗorawa.

Ya ce, "Na duba aikinku. Kowa ya iya nasa, amma ba wanda ya iya na wani. Ran da mai shanu ya kwanta zazzaɓi, huɗa ta tsaya. Ran da mai inji ya tafi jana'iza, ɓara ta tsaya. Daga Asabar zan haɗa ku biyu-biyu, kowa ya koya wa abokinsa aikinsa. Ran da aka yi ruwan shuka zan gwada kowa a kan abin da aka koya masa."

A lokacin kamfanonin birni sallamar mutane suke kamar ana kakkaɓe buhu. Ƙanin matata ma watansa biyu da dawowa daga Kano, daga shi sai tabarma da buta.

Ɗan'auta, tsohon da ke mana gadi, ya ce, "Ranka ya daɗe, ni wanne zan koyar? Gyangyaɗin ko tarin?"

Aka yi dariya. Ni ban yi ba. Na ce, "Malam, in mutum biyu suka iya aiki ɗaya, me za a yi da na biyun?"

Ya ce, "Malam Muntaka, ba wanda ya yi maganar sallama."

Na ce, "Ni ma ban yi ba. Kai ka fara ambatonta."

Ya ɗan murmusa, ya ciro littafinsa ya karanto sunaye. Ni aka haɗa ni da Uwaisu mai shanun huɗa.

Uwaisu ya gaza ni da shekara uku ko huɗu. Mutum ne marar hayaniya, da shanunsa ya fi yin hira. Ban taɓa saɓawa da shi ba. Amma mutumin Dawakin Tofa ne, kuma shi ma Malam Tasi'u daga can yake. Cikin mutum goma sha uku, me ya sa sai ɗan garinsu za a ɗora a kan injina? Da wannan tambaya na koma gida.

Aikin inji kashi biyu ne. Akwai wanda ido ke gani: zaɓen raga daidai girman gyaɗar, da ɗaure noti har tazarar ta yi kaurin ƙaramin yatsa, da jan mariƙi ba da fushi ba. Akwai kuma wanda ba a gani. Gyaɗar da ta sha zafin bazara a sito ta bushe ƙamas, ko wa ya ja mariƙin sai ta farfashe. Sai an baza ta da yamma, an yayyafa mata ruwa, ba da yawa ba, an rufe ta da buhuna ta kwana. Da safe in ka taɓa ba za ka ce ta ga ruwa ba, amma ƙwayar ta saki jiki, sai ta riƙa faɗowa da rigarta.

Wani tsoho ne ya nuna mini wannan tun zamanin da gyaɗa ke gyaɗa, bayan na yi masa dakon buhu shekara uku, na yi masa noma damina biyu. Ran da zai nuna mini sai da ya tura ƙofa. A gonar Alhaji makullin sito a hannuna yake, don haka kullum in an tashi sai in ce zan tsaya shara, in yi yayyafina, in kulle. Yanzu wani ya zo da littafi a aljihu ya ce in miƙa wannan kyauta kafin ruwan shuka.

Na tarar da matata Furera tana tsinke zogale, don a kwanakin nan shi ne abincin rana, shi ne na dare. Na gaya mata abin da na yanke: zan koya wa Uwaisu raga da noti da mariƙi, maganar ruwa kuwa ba zai ji ta a bakina ba.

Ta ce, "Malam, in ba ka so ka ce ba ka so mana. Ai bakinka bai taɓa nauyi ba."

"In na ce ba na so, gobe ina gida muna tsinke zogale tare."

"To in aka gane fa?"

"Wa zai gane? Kullum ni zan jiƙa masa da yamma, da safe ya ɓare ya ga ta fito lafiya. In sun sallame ni, ran da ya yi ɓarar farko shi kaɗai, a kan babur za su zo nemana."

Ta ce, "Shi ma Uwaisun ai yana da iyali."

Na ce, "Yana da manaja kuma."

Haka aka fara. Da sassafe muna wajen shanu, da hantsi muna kan inji. Ba zan yi masa ƙarya ba, Uwaisu yana da hannu. Mutumin da ya saba lallashin dabba ba ya fizgar ƙarfe. Cikin sati guda gyaɗarsa ta riƙa fitowa kamar tawa. Rannan ya ɗebo tafi guda ya nuna mini yana washe baki.

"Yaya Muntaka, dubi! Ko ɗaya ba ta rabe ba. Ashe abin ba wuya."

Na ce, "E, ba wuya."

Washegari ya kawo mini goro fari guda biyu. Na karɓa na ci. Sau ɗaya ne ya kusa gano ni, ran da ya cusa hannu cikin gyaɗar ya ce, "Yaya, me ya sa da safe take da ɗan sanyi haka?"

Na ce, "Sumunti ne. A ƙasa take kwana."

Ya ce, "Haka ne fa," ya ci gaba da zubawa.

Shanunsa biyu ne, Goje da Kure. Goje ƙato ne fari mai tozo kamar tulu. Kure ƙarami ne, baƙi, ƙahonsa ɗaya ya gutsure. Tunda ƙasa ba ta jiƙa ba, a wata jigawa mai rairayi muke gwaji. Tun ranar farko Uwaisu ya zazzage mini komai: yadda ake ɗora karkiya kada ta ci wuya, yadda ake danna garma, lokacin ba su kanwa, da irin fiton da suke ji. Ya ce ba a dukansu, ba a yi musu tsawa.

Ya ce, "Amma abu ɗaya, Yaya, in ka manta komai kada ka manta shi. Kure a dama, Goje a hagu. Kullum."

"Me ya sa?"

"Haka aka horar da su. Kure ne ke bin kwarin kunya, shi ya san layi. Goje ƙarfi ne kawai, ba kai."

A raina na ce ka ji ta. Ni duk huɗar da na taɓa gani, babban sa ake sakawa a kwari. Sannan wane mai sana'a ne zai ba ka gindin aikinsa ranar farko ba ka ko tambaya ba? Ni na san abin da nake yi masa, me zai hana shi ma yana yi mini? In yana tsaye kusa, ko ta ina aka ɗaura su za su bi, tunda muryarsa suke ji. Ranar gwaji kuwa, da an janye shi gefe, sai su watsa mini ƙasa a ido a gaban manaja, a rubuta cewa Muntaka ya tsufa, kansa ba ya ɗaukar sabon abu.

Na sa masa ido. Rannan da azahar na hango shi zai kai su rijiya, Goje na dama, Kure na hagu. Gaskiya ba garma, ba karkiya, igiya ce kawai. Amma na gani. Na je wajen Ɗan'auta na same shi yana ɗinke takalminsa.

Na ce, "Baba, kai ka daɗe a duniya. Ka taɓa ganin an sa ƙaramin sa a kwari?"

Ya ce, "Ni dai na taɓa ganin an sa ƙaramin mutum a ofis. Ban da wannan ban san komai ba."

Ba amsa ba ce, amma ni na ɗauke ta amsa.

Ruwa ya sauka ranar Laraba da azahar, mai kyau, har ƙasa ta yi ƙamshi. Da yamma na tsaya sharata, na jiƙa wa Uwaisu buhu biyu kamar kullum. Alhamis da sassafe Malam Tasi'u ya iso da littafinsa, ya ce da shanu za a fara tun ƙasa na da laima. Ya ce Uwaisu ya koma can gindin kuka ya tsaya, kada a ji bakinsa. Sauran ma'aikata suka jeru a bakin gona.

Na kama Goje na kai shi dama. Na jawo Kure hagu. Tun wajen ɗora karkiya suka fara turjewa, Kure yana ta neman zagayowa ta bayan ɗan'uwansa. Na ce ai dama sai sun gwada ni. Na ɗaure, na kama garma, na yi fito.

Taku goma ba mu yi ba. Goje ya tsinci kansa a kwari bai san abin da ake yi a can ba, ya haye kan kunya. Kure ya ja ta wajensa yana neman gefen da ya saba. Kawunansu suka rabu, gindinsu ya haɗu, karkiya ta murɗe. Garma ta yi tsalle ta fice daga ƙasa ta kusa kwashe mini ƙafa. Abin da muka bari a bayanmu ba kunya ba ce, kamar an ja mataccen jaki ne. Na yi tsawa, abin da aka ce kada in yi, sai Goje ya zabura ya durƙusar da Kure a gwiwa.

Uwaisu ya manta da umarnin manaja, ya sheƙo a guje. Bai ko dube ni ba. Ya kwance karkiya, ya tashi Kure, ya shafa wuyansa inda itace ya ɗaye masa fata. Sannan ya juyo.

"Yaya, ai na gaya maka. Kullum sai na gaya maka."

Malam Tasi'u ya ƙaraso ya ce, "Malam Muntaka, bai nuna maka gefen kowanne ba ne?"

"Ya nuna mini."

"To me ya faru?"

Na ce, "Ban yarda ba."

Ya dube ni, ya dubi Uwaisu, ya rubuta wani abu. Ɗan'auta daga bakin gona ya ce, "A bar kunyar nan haka, ranka ya daɗe. In ɓarawo ya shigo da dare shi ma ya ɓata hanya."

Da hantsi aka koma sito. Na buɗe, na nufi buhunan da na jiƙa zan jawo, sai Malam Tasi'u ya ce, "Bar waɗannan." Ya aiki mutum biyu ofishinsa suka kinkimo wani buhu. Ashe sati guda ke nan da ya sa aka kai shi can ya kulle. Ofishin nan rufin kwano ne, da rana kamar tanda yake. Tun daga ƙarar da buhun ya yi da aka dire shi na san abin da ke ciki.

Uwaisu ya yi bisimilla. Ya dubi girman gyaɗar ya zaɓi raga, daidai. Ya ɗaure noti ya gwada da yatsa, daidai. Ya zuba, ya ja mariƙi a hankali yadda na koya masa. Sai inji ya fara wata ƙara, ƙas-ƙas-ƙas, kamar ana tauna ƙashi. Ya tsaya ya leƙa ƙasa. Ya sassauta noti ya sake ja. Ya ƙara sassautawa har gyaɗa ta fara wucewa da ɓawonta. Ya mayar ya ɗaure. Gumi ya jiƙa masa riga.

Malam Tasi'u ya ce ya isa. Ya ɗebo tafi guda ya baza a bayan littafinsa. Fiye da rabi sun rabe, sauran kuma tsirara suke, fari fat.

Uwaisu ya ce, "Wallahi Malam, jiya ba haka ta yi ba. Hannuna ne. Tun da Kure ya faɗi jikina ke rawa. A ba ni zuwa gobe."

Manaja kuwa ni ya juyo ya kalla.

"Malam Muntaka, zo ka nuna masa inda ya yi kuskure. Ga buhun, ga inji. Yi yadda ka koya masa."

Na tsaya. In na kama mariƙin nan, abin da ya faru da Uwaisu shi zai faru da ni, a gaban mutum goma sha uku, kuma ga abin da na yi da shanu da safe. Sai a ce mutumin da bai iya na wani ba, nasa ma ashe bai iya ba. In kuma na buɗe baki, na faɗi abin da na ɓoye. Na duba ko akwai hanya ta uku. Na so in ce gyaɗar ce ta lalace, amma daga gona ɗaya aka tono ta da wadda ke bayana, kuma ya sani.

Na ce, "Wannan ba ta ɓaruwa yau. Ko ni na ja haka za ta yi. Sai an yayyafa mata ruwa ta kwana a rufe."

Can Ɗan'auta ya ce, "Au! Ashe sharar shekara tara da buta ake yin ta."

Wannan karon ba a yi dariya ba. Uwaisu ya saki mariƙi, ya goge hannunsa a riga, ya je ya cusa hannu a buhun da na jiƙa. Ya daɗe a haka. Sannan ya ce, "Sumunti, ko Yaya?"

Na juya na hau tattara gyaɗar da ta farfashe.

Da aka watse na bi Malam Tasi'u har bakin babur ɗinsa na ce, "Dama ka sani?"

Ya ce, "Na zata. Sito ne kaɗai wurin da nake ganin tururuwa na neman laima a tsakiyar bazara."

"To me ya hana ka tambaye ni?"

"Da na tambaye ka, za ka faɗa?"

Na ce, "A'a."

Ya ce daga ranar zan koya wa Uwaisu da wasu mutum biyu, a gabansa, shi kuma zai rubuta. Haka aka yi. Da yamma na baza gyaɗa, na nuna musu yadda ake watsa ruwa da yatsu ba da bakin buta ba, da yadda ake juyawa, da yadda ake gane ta ƙoshi in an matsa ɓawo bai yi ƙara ba. Abin da na yi wa bauta shekara uku ya shige shafi ɗaya na littafin aljihu, har da sauran fili a ƙasa. Ban rage komai ba. Ba don kirki ba, don na san zai sake kulle wani buhu ne.

Huɗa ma na koya. Uwaisu bai fasa nuna mini ba, kuma duk abin da ya faɗa haka yake. Kafin tsakiyar damina ina fitar da kunya miƙaƙƙiya, Kure a dama. Sai dai goro ya ƙare, Yaya ma ta ƙare. Malam Muntaka yake ce mini, kamar manaja.

Daminar ba ta yi kyau ba. Ruwa ya ɗauke gyaɗa tana fure, ya dawo bayan ta gaji. Da kaka abin da aka tara bai cika rabin sito ba. Ran nan bayan sallar azahar aka ce manaja na kirana. Na tarar da takarda a kan teburinsa, kuma bai ce in zauna ba sai da ya ga na zauna.

Ya ce, "Alhaji ya ce a rage mutum huɗu. Wata uku ina ja da shi, yau ya rufe magana. Akwai sunanka."

Na ce, "Uwaisu fa?"

"Yana nan."

"Su biyun da na koya wa?"

"Suna nan."

Na gyaɗa kai. Ya fara bayani cewa shi tun farko abin da ya nufa a inganta aiki ne, cewa ya so ya nuna wa Alhaji mutanensa kowa hannu biyu gare shi don kada a taɓa kowa, cewa ruwa ne ya ci amanarmu duka. Na bar shi ya gama.

Na ce, "Malam, ba wannan nake son ji ba. Da tun ranar farko na koya masa duka, har ruwan, da sunana na cikin takardar nan ko babu?"

Ya ce, "Malam Muntaka, ka san yadda shekarar take."

"Na san shekara. Kai nake tambaya."

Ya ɗauki takardar. Ya juya ta ya dubi bayanta, inda ba a rubuta komai ba. Sannan ya ajiye ya ce, "Da babu."

Na tashi na yi masa sallama, na bi ta cikin karan dawa na tafi gida tun rana na sama. Na kwashe yadda muka yi na gaya wa Furera. Ta ce gaskiya ya faɗa mini, ni na jawo wa kaina, kuma in daina ɗora wa bawan Allah. Na bar ta a haka. Ita ba ta ga lokacin da ya juya takardar yana neman amsa inda ba a rubuta komai ba.